Shekispiya a Dandamalin Sin da Japan: Lacca kan Baddala Wasan Kwaikwayo

 

 

Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda mutanen Sin da na Japan suka ɗauki tsofaffin wasannin kwaikwayon Ingila, musamman na William Shekispiya wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, suka hau da su dandamalinsu, daga baya kuma suka mayar da su fim. Wataƙila wani a cikinku yana cewa a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Waɗannan ƙasashe biyu sun shafe sama da shekara ɗari suna fama da tambayar da duk mai aron labari yake fama da ita, sun kuma bar mana ayyukan da za mu iya dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Magana ɗaya nake so in kare a gabanku. Canja wa ɗan wasa riga da suna ba wuya. Inda aikin yake shi ne wajen dalili. Me ya sa wannan barde ya kashe ubangidansa? Me ya sa wannan tsoho ya raba ƙasarsa tun yana raye? Me ya sa wannan uba ya ƙi surukinsa? Shekispiya ya ba da amsoshin da suka gamsar da mutanen Landan na zamaninsa. Wanda ya kai wasan Tokyo ko Shanghai sai ya nemo amsar da nasa mutanen za su ji su ce, ƙwarai, haka mutum yake yi a nan.

Na ɗaya: labarin ne ya riga baitin isa

A ƙasashen biyu Shekispiya bai fara shiga da cikakkun wasanninsa ba. A 1807 Charles Lamb da 'yar'uwarsa Mary sun taƙaita wasanninsa 20, suka mayar da su gajerun labarai na zube saboda yara. Wannan ɗan littafi shi ya yi masa jagora zuwa gabas.

A 1885, shekara 17 bayan juyin Meiji wanda ya sa Japan ta duƙufa wajen kwaso ilmin Turai, 'yan wasan gargajiya na kabuki a birnin Osaka suka yi wasan da aka ɗora a kan Attajirin Benis. Kun san labarin: mai ba da bashi ya gindaya sharaɗin zai yanki tsokar jikin wanda ya kasa biya. A wurin Shekispiya mai ba da bashin Bayahude ne, gabar da ke tsakaninsa da Kiristocin Benis ita ce wutar da ke dafa wasan. To mutumin Osaka na 1885 ina ya san wannan gaba? Sai aka mayar da mai bashin ɗan gari, aka dawo da labarin Osaka, birnin 'yan kasuwa, aka sa son kuɗi ya zama jigo.

A Sin kuwa, a 1904 ne wani malami mai suna Lin Shu ya fitar da labaran Lamb. Lin Shu bai iya wani harshen waje ba. Abokin aikinsa Wei Yi ke karantawa ya fassara masa da baki, shi kuma ya zuba a cikin tsohon harshen adabin Sin. A gabatarwar littafin ya yi amfani da Shekispiya wajen mayar wa matasan zamaninsa martani. Su suna cewa labaran fatalwa da aljanu ne suka hana Sin ci gaba, shi kuwa ya nuna musu cewa mawaƙin da Ingila ke alfahari da shi cike yake da fatalwa da aljanu, bai kuma hana Ingila ƙarfi ba.

Daga littafin Lin Shu 'yan wasan Shanghai suka riƙa ɗibar labari. Ba su da rubutaccen wasa. Jerin fitowa kawai ake liƙawa a bayan dandamali, kowa ya fito ya ƙirƙiri maganarsa. A 1916, lokacin da Yuan Shikai ya naɗa kansa sarki bayan an riga an kafa jamhuriya, aka yi wasa da labarin Shekispiya na mutumin da ya kashe sarki ya haye gadonsa. Ɗan wasa Gu Wuwei ya saki baki a kan dandamali, kowa a zauren ya san da wa ake. Aka kama shi, bai kuɓuta ba sai da mulkin Yuan ya rushe a wannan shekarar. Ku lura, jama'a, tun ba a fassara wasa ɗaya cikakke ba an riga an ɗaure mutum a kan Shekispiya a Sin.

Na biyu: waɗanda suka ɗauki nauyin fassara

A Japan sunan da ke gaba shi ne Tsubouchi Shoyo, malami a Jami'ar Waseda. Ya fara da Yuliyas Kaisar a 1884, ya zuba shi a salon waƙe-waƙen wasan 'yartsana na gargajiya, ya kammala dukkan ayyukan a 1928. Bayansa Odashima Yushi ya sake fassara wasannin duka da harshen yau da kullum, ya gama a 1980, sannan Matsuoka Kazuko ta kammala tata ta wasanni 37 a 2021. Akwai abin lura a nan. Ɗan Ingila na yau da tsohon Turanci mai shekara 400 yake jin Shekispiya, sau da yawa sai da sharhi. Ɗan Japan kuwa kusan kowane zamani ana sabunta masa shi da harshen da yake ji a titi.

A Sin Tian Han ne ya fara fassara cikakken wasa, wato Hamlet, a farkon shekarun 1920, shi ne kuma daga baya ya rubuta baitocin da suka zama taken ƙasar. Amma mutumin da nake so ku riƙe sunansa shi ne Zhu Shenghao. Saurayi ne mai aiki a wani kamfanin ɗab'i a Shanghai, ya soma aikin a tsakiyar shekarun 1930. A 1937 sojojin Japan suka afka wa birnin, rubuce-rubucensa suka salwanta. Ya sake daga farko. A 1941 suka sake salwanta. Ya koma garinsu Jiaxing, cikin talauci da rashin lafiya, ya ci gaba. Tarin fuka ya kashe shi a ƙarshen 1944 yana da shekara 32, ya bar wasanni 31 kammalallu. Matarsa Song Qingru ta tsare aikin har aka buga. Da zube ya fassara, bai bi ma'aunin waƙar Turanci ba, amma har yau fassararsa ce aka fi karantawa a Sin. A Taiwan kuma Liang Shiqiu ya kammala tasa a 1967, bayan sama da shekara 30.

Na ambaci waɗannan mutane ne domin kada a ɗauka baddalawa na nufin rashin sanin asali. Duk manyan ayyukan da zan kawo yanzu a kan wahalar masu fassara suka tsaya.

Na uku: Otelo ba tare da baƙar fata ba

A 1903 Kawakami Otojiro ya yi Otelo a Tokyo, matarsa Sadayakko ta fito a matsayin matar jarumin. Fitowarta kanta labari ce, domin tun 1629 aka hana mata hawa dandamalin kabuki, maza ke yin rawar mata. Amma ga matsalar da ta fuskance su. Otelon Shekispiya baƙo ne, baƙar fata, kwamandan da Benis ke buƙatar takobinsa amma ba ta son ya auri 'yarta. Wane ne irin wannan mutum a Japan ta 1903?

Sai aka mayar da shi janar ɗan Japan da aka tura ya mulki Taiwan, wadda Japan ta karɓe daga Sin a 1895. Aka kuma sa ana raɗe-raɗin cewa asalinsa daga ƙasƙantaccen jinsin nan ne da ake ƙyama, zuriyar mahauta da majema, waɗanda doka ta daidaita da kowa a 1871 amma zukatan mutane ba su daidaita ba. Da wannan canji ɗan kallo ya gane nan take me ya sa uban yarinyar ya fusata, me ya sa kuma jarumin ke saurin yarda cewa ba a son sa da gaske. An bar launin fata, an riƙe ciwon. Ban ce wasan ba shi da aibi ba, domin kallon 'yan mulkin mallaka ya yi wa mutanen Taiwan. Sai dai masu shi sun gano inda tambayar take.

Na huɗu: Kurosawa

A nan zan ɗan daɗe, domin a ganina babu wanda ya kai Akira Kurosawa a wannan fage. Fim uku ya yi da suka jiɓanci Shekispiya.

Na farko ya fito a 1957, sunansa a harshensu Fadar Saƙar Gizo-gizo, an ɗora shi a kan Makbet. Babu baiti ɗaya na Shekispiya a ciki. To me ya rage? Bari mu duba dalilin kisan. A wasan asali Sarki Dankan mutumin kirki ne, kashe shi saɓon Allah ne, Makbet ya san haka, shi ya sa yake ta kokawa da zuciyarsa a dogayen jawabai. Daga ƙarshe ɗan sarki na halal ya karɓi gadon ubansa, ƙasa ta koma daidai. Wannan ya dace da Ingila ta Sarki James, inda ake ɗaukar sarauta a matsayin amanar da Allah ya damƙa.

Kurosawa ya kai labarin zamanin yaƙe-yaƙen basasar Japan, wajen ƙarni na 16, lokacin da bara ke tumɓuke ubangida ya zauna a mazauninsa. Bardensa Washizu, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, da farko ba ya son kisan. Matarsa Asaji ba ta zuga shi da cewa shi ba namiji ba ne. Lissafi ta yi masa. Ta tuna masa cewa ubangidan nasa ma kashe na gabansa ya yi ya hau. Ta ce abokinsa Miki ya ji duban da aka yi musu a daji, ranar da ya kai wa ubangida labari kuwa, Washizu ya zama gawa. Kun ga an sauya tushe. Makbet kwaɗayi ne ya ja shi, Washizu kuwa tsoro ne ya tura shi, a duniyar da in ba ka riga kisa ba za a riga ka. Sannan aka ƙara abin da babu a asali. Washizu ba shi da ɗa, har ya yi niyyar naɗa ɗan Miki magaji, sai Asaji ta ce tana da ciki. Wannan cikin shi ya ja ajalin Miki, ɗan kuma ya zo babu rai.

Mayu uku na Shekispiya sun zama tsohuwa ɗaya fara fat, zaune a bukka cikin daji tana kaɗa zare, siffar da ɗan Japan ya sani daga wasan Noh. Noh wasa ne da ya kafu tun ƙarni na 14, 'yan wasansa na sa abin rufe fuska, motsinsu kaɗan ne, kowane taku da ma'anarsa. Kurosawa ya nuna wa Isuzu Yamada, wadda ta fito a Asaji, irin wannan abin rufe fuska, ya nemi fuskarta ta zama haka. Da wuya ka ga ta ƙifta ido. Tana tafiya tana jan ƙafa, ba ka jin komai sai sautin silikin rigarta a kan katako. Abin da Shekispiya ya faɗa da baiti, an faɗe shi a nan da shiru, da hazon gangaren Dutsen Fuji inda aka gina fadar, da dawakan da ke ta kewaya daji sun ɓace hanya.

Ƙarshen fa? Babu gwarzon da ya zo ya ɗau fansa da takobi. Sojojin Washizu na kansa ne suka juyo da bakunansu suka yi masa ruwan kibau, kuma kibau na gaske ƙwararrun maharba suka riƙa harbawa kusa da Mifune, firgicin da ke fuskarsa ba na kwaikwayo ba ne kaɗai. Wanda ya ci amanar na sama, na ƙasa suka ci tasa. Ba a nuna mana sarkin adalci ya hau ba. Kurosawa ya yi wannan fim shekara 12 bayan yaƙin da shugabannin soja suka jefa ƙasarsa a ciki, ina ganin ba zai iya yi wa 'yan kallonsa alkawarin da Shekispiya ya yi wa nasa ba.

Fim na biyu, na 1960, inuwar Hamlet ce a Tokyo ta zamani. Wani saurayi ya ɓoye asalinsa, ya zama sakataren babban jami'in wata hukumar gwamnati, ya auri 'yarsa, domin ya rama wa ubansa da aka tilasta wa faɗowa ta tagar bene don a rufe cin hanci. A wurin bikin aka shigo da kek mai siffar ginin ofishin, da fure a soke a tagar da mutumin ya faɗo. Saurayin ne ya mutu a ƙarshe, manyan suka ci gaba da barcinsu.

Na uku shi ne Ran, na 1985, Kurosawa na da shekara 75. Shi da kansa ya ce ba daga Sarki Liya ya faro ba. Daga labarin Mori Motonari ya faro, wani basaraken ƙarni na 16 da aka ce ya ba 'ya'yansa uku kibiya ɗai-ɗai suka karya, ya haɗa uku suka kasa. Kurosawa ya tambayi kansa, da 'ya'yan ba na kirki ba ne fa? A fim ɗin ƙaramin ɗan, Saburo, ya ɗora kibau ukun a gwiwa ya karya su a gaban ubansa. 'Ya'ya mata uku na Liya sun zama maza, domin a wancan zamani ɗa namiji ke gadon fada da runduna.

Canjin da ya fi wannan girma shi ne an ba tsohon tarihi. Liya na Shekispiya ba mu san abin da ya aikata kafin wasa ya fara ba, muna ganin sa ne a matsayin wanda aka zalunta fiye da laifinsa. Hidetora na Kurosawa kuwa da jini ya gina mulkinsa. Kaede, matar babban ɗansa, a fadar da yake zaune aka haife ta, shi ya kashe ubanta da 'yan'uwanta ya ƙwace gidan. Sue, matar na biyun, shi ya ƙone gidan iyayenta, ya ƙwaƙule idanun ɗan'uwanta. Duk inda tsohon ya gudu cikin haukarsa, kangon da shi ya rusa yake tararwa. Mai kallon da ya tashi cikin koyarwar Buddha, cewa aiki na bin mai shi, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mu ma da muke cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba, ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Ina ba ɗalibai shawara su nemi fitowar da aka ƙone fada ta uku. An ɗauke duk ƙarar yaƙi, ba ihu, ba sukuwa, sai kiɗan Toru Takemitsu, har zuwa harbin bindigar da ya kashe babban ɗan.

Na biyar: hancin roba da waƙar gargajiya

Sin ta bi wata hanya daban. A shekarun 1950 ƙwararru daga Tarayyar Sobiyet suka zo koyar da wasa a makarantun Bejin da Shanghai. Abin da aka ɗauka girmamawa ne a lokacin shi ne ɗan wasa ya zama Bature sosai, a sa masa jan gashi, a ƙara masa hanci, a shafa masa farar hoda. Ba na raina wannan zamani, domin a cikinsa aka horar da 'yan wasa masu yawa. Amma wanda ya kalli irin wannan wasa, labarin waɗansu mutane can nesa ya kalla. Daga 1966 zuwa 1976, lokacin Juyin Al'adu, aka rufe ƙofar gaba ɗaya. A 1978 aka buga cikakkun ayyukan Shekispiya, a Afrilun 1986 kuma aka yi babban bikin Shekispiya na farko a Bejin da Shanghai, da wasanni sama da 20.

A wannan biki aka ga Makbet a salon kunku, wasan waƙa mai shekara wajen 600, ƙarƙashin kulawar dattijon darakta Huang Zuolin, da sunan Labarin Hannu Mai Jini. Ku san cewa a wasan waƙa na Sin ɗan wasa tun yana yaro ake horar da shi a rukuni guda: namiji mai mutunci, ko mace, ko mai fentin fuska, ko ɗan barkwanci. Kwalliyar fuska tana sanar da kai halin mutum tun bai buɗe baki ba. To a wane rukuni za a sa Makbet, wanda ya fara a gwarzo ya ƙare a azzalumi? Wannan ita ce wahalar da Ji Zhenhua, wanda ya yi rawar, ya fuskanta. Ga kuma waƙa tana cin lokaci, abin da za a faɗa a minti ɗaya sai a rera shi a biyar, dole aka zubar da fiye da rabin labarin. Amma inda salon ke da ƙarfi an samu riba. A wasan asali matar Makbet ita kaɗai ke yawo cikin barci tana wanke hannu. A kunku fatalwowin waɗanda aka kashe ne suka fito suka kewaye ta, domin a wasannin Sin mamacin da aka zalunta yakan dawo neman hakkinsa, 'yan kallo kuma suna jiran wannan.

A wannan shekarar dai, 1986, a Taiwan, wani matashin ɗan wasa Wu Hsing-kuo ya ga zauren wasan gargajiya na ta yin fayau, matasa sun daina zuwa. Ya kafa ƙungiyarsa, ya yi Makbet a salon waƙar Bejin da sunan Daular Sha'awa. Duk wanda ya kalle shi zai ga hannun Kurosawa: aljanar dutse guda ɗaya, da mutuwa ta hanyar kibau, inda Wu ke wuntsilowa da baya daga wuri mai tsawo. Labari ya tashi daga Landan, ya yada zango a Tokyo, ya isa Taipei, sannan a 1990 aka kai shi Landan aka nuna wa Turawa. A 2001 Wu ya yi Sarki Liya shi kaɗai, ya fito a mutum goma, daga ƙarshe ya tuɓe gemu da rigar sarauta ya tsaya a matsayin kansa. Ya sha bayyana cewa saɓanin da ya raba shi da malaminsa, wanda ya rasu ba su shirya ba, yana cikin abin da ya ja shi ga wasan. Inda ake ɗaukar malami a matsayin uba, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Na shida: don idon wa ake yi, me kuma aka rasa?

Akwai suka da ya kamata mu saurara. Yukio Ninagawa ya yi Makbet a Tokyo a 1980, ya kai shi bikin Edinbara a 1985, Turawa suka yi ta yabo. Shi bai taɓa kalmomin ba, fassarar Odashima ya bi, sunaye ma bai canja ba. Dandamalin ne ya mayar da shi katafaren akwatin tunawa da magabata irin wanda ake ajiyewa a gidajen mabiya Buddha. Tsofaffin mata biyu suka buɗe ƙofofinsa, suka zauna a gefe suna kallo suna kuka, furannin ceri na ta zuba. Waɗansu 'yan ƙasarsa suka ce ya tara abubuwan da baƙo ke son gani ne a Japan ya sayar. Shi kuwa ya ce don mutanensa ya yi, domin su ji labarin kakanninsu ne. Ni ina tare da shi a wannan wasa, saboda akwatin yana aiki: ya mayar da mai kallo ɗan gidan da aka yi wa rasuwa.

Inda nake ganin sukan ya fi kamawa shi ne fim ɗin Liyafa na Feng Xiaogang, na 2006, wanda ya kai Hamlet fadar Sin ta ƙarni na 10. Ya fara da dabara mai kyau. Sarauniyar, wadda Zhang Ziyi ta fito a matsayinta, ba mahaifiyar yarima ba ce, budurwarsa ce ta ƙuruciya da ubansa ya aure, ita ce kuma ta zama cibiyar labarin, mai neman mulki don kanta. Sai dai ado ya rinjayi dalili. Siliki da zinariya da faɗan tashi sama sun cika ido, har mutum ya gama kallo bai tabbatar da abin da kowa ke so ba.

Asara kuwa akwai ta, kada a ruɗe mu. Ƙarfin Shekispiya a harshensa yake, a yadda mutum ke tsayawa shi kaɗai yana warware zuciyarsa a gaban jama'a. Washizu ba ya yin haka, saboda haka ba mu san cikinsa kamar yadda muka san na Makbet ba. Kurosawa ya san abin da ya bari, ya kuma biya da abin da yake da shi. Wanda ya zubar da baitin bai kawo komai a madadinsa ba, wannan hasara kawai ya yi.

Na bakwai: a gida

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai a Magana Jari Ce, a 1937, ya zaunar da su a fadar Hausa har mai karatu ba ya jin baƙuncinsu. Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu daga Shekispiya. A masana'antar fim kuma an daɗe ana muhawara kan abin da ake kira wankiya, wato ɗauko fim ɗin Indiya a sake shi da Hausa. Tambayar da zan miƙa wa masu wannan sana'a da ke zaune a nan ita ce wadda aka yi a Tokyo a 1903. In uba ya ƙi surukinsa a labarin da ka aro, me zai sa uba a Kano ko Damagaram ya ƙi nasa? In aka ce tsohon sarki ya raba ƙasa ga 'ya'yansa, ina masu zaɓen sarki suke, ina Waziri, me za su ce? Mai son yi mana Sarki Liya sai ya amsa wannan kafin ya ɗinka alkyabba.